Rasuwar Raƙumi, Babur ɗin Dogo Mai Agogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu baƙin mai bai gama fita daga ƙarƙashin faratansu ba, Dogo mai gyaran agogo, a madadin kansa da mahaifiyarsa da maiɗakinsa da sauran dangi na kusa da na nesa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗinsa, wanda duk unguwa ta sani da suna Raƙumi. Marigayin ya cika ne da hantsin ranar Talata a bakin ƙofar asibiti, bayan gajeriyar rashin lafiya da ta biyo bayan aikin da aka yi masa a ƙafafun gaba. Ya rasu yana bakin aiki, da fasinja a bayansa.

Domin waɗanda wannan sanarwa za ta iske ba su san mai rashin ba, ya kamata a bayyana cewa sunan Dogo suna ne da abokan makaranta suka laƙaba masa don mugunta, ya bi shi har furfura. Idan ya zauna a bayan teburin shagonsa, masu kawo agogo kan leƙo su tambayi maƙwabta ko mai shagon ya fita. Yayansa ne ya kwashe tsawon gidan gaba ɗaya tun daga ciki, ya bar wa ƙaninsa basira, kamar yadda Dogo ke faɗa idan Yaya ba ya kusa. A hannun Yayan ne kuma Raƙumi ya fito. Da Allah ya hore masa mota, sai ya turo babur ɗin har ƙofar gida, ya miƙa wa ƙaninsa makulli da fara'a, ko sau ɗaya bai tsaya ya dubi ƙafafun wanda yake yi wa kyautar ba.

Babur ne dogo, siriri, mai dogayen ƙafafun gaba, irin waɗanda aka ƙera don hanyar daji. Ranar da ya shigo gidan, Dogo sai da ya hau dakali kafin ya iya jefa ƙafa a kansa. Maiɗakinsa tana tsaye da tsintsiya a hannu, ta kalli mijin a can sama, ƙafafunsa na reto, ta ce, “Baban yara, raƙumi ma ai durƙusawa yake yi a hau shi. Wannan naka ba a ba shi tarbiyya ba.” Daga wannan rana sunan ya zauna.

Wanda duk ya zauna da marigayin zai shaide shi da alheri. Bugu ɗaya yake tashi. Da safe yakan yi tari biyu, kuf, kuf, kamar dattijon da ke neman izinin shiga, sannan ya saki murya, dududududu, har kofunan da ke kan tire su ɗauki rawa. Ba shi da haɗama: abin da wasu baburan ke shanyewa tsakanin gida da kasuwa, shi da shi yake zagaya gari ya dawo. Odarsa ta daɗe da dishewa, ba ta wuce ƙeeƙ, kamar agwagwa mai mura, amma bai taɓa amfani da ita wajen cin mutuncin kowa ba. Ya ɗauki agogon bango mai tsawon mutum, ya ɗauki katifa, ya ɗauki tukunyar gas, ya ɗauki yara uku da jakunkunansu da faɗansu, kuma iyakar ƙorafin da aka taɓa ji daga gare shi shi ne wani ɗan kiki-kiki na sarƙa idan an manta ba a shafa mata mai ba. Sau ɗaya ɓarawo ya gwada sace shi a bakin kasuwa. Marigayin ya ƙi tashi, ɓarawon ya yi ta bugu har gumi ya jiƙe shi, ya haƙura ya tafi. Dogo na zuwa ya taɓa shi, kuf, kuf, ya amsa.

Ba kyau a tona aibin wanda ya riga mu, amma gaskiya ta sa a ce zaman nasu bai rasa ɗan ciwo ba. Duk tsawon shekarun da suka yi tare, Dogo bai taɓa taka ƙasa da ƙafa biyu yana kan Raƙumi ba. Wasu sun san gari da sunayen tituna, shi da duwatsu ya san shi. Ya san inda akwai gefen kwalbati mai tudu, ya san inda wani bawan Allah ya yar da bulo, ya san kututturen da ke daf da danjar kasuwa, har yakan yi fushi idan ya tarar wani ya riga shi tsayawa a wurin. Inda babu ko ɗaya, sai ya zame rabin jiki gefe, ya miƙa babban yatsan ƙafar hagu yana laluben ƙasa. Inda abin ya ƙi gaba ɗaya, sai ya dafa kafaɗar mai babur ɗin da ke kusa da shi, ya gaishe shi da iyali kamar sun san juna, har danja ta ba da hannu. Ta wannan hanya ya yi abokai da yawa, wasunsu ma sun riga sun zo gaisuwa.

Duk da haka, iyalan marigayin na son a sani cewa ba don ƙafafun Dogo aka yi masa aiki ba. Masu yaɗa wannan magana su ji tsoron Allah. Don Inna aka yi.

Inna, mahaifiyar Dogo, ba ta shiga mota. Ko kwanar farko ba za a sha ba kanta zai fara juyawa, cikinta ya biyo baya, a sauke ta a jigace. Motar Yaya da ake ta yabon sanyinta, sau ɗaya ta shiga, har yau Yaya bai gama wanke kujerar ba. Abin hawa ɗaya ne a duniya ta yarda da shi, shi ne Raƙumi, domin a kansa iska na bugun fuskarta, tana kuma ganin inda ake kai ta. Ɗan albarka take ce masa, kuma a gidan an san ba ta cika ce wa 'ya'yan cikinta haka ba. Duk wata shi ke kai ta wurin likitan gwiwa. Hawanta kuwa aiki ne na mutum uku: a kawo kujerar kicin, surukarta ta riƙe mata hannu, Dogo ya danne babur ɗin jikin dakali, ita kuma ta taka, ta huta, ta ɗaga ƙafa da salati. Daga nan a ɗaure kujerar a baya, domin da ita za a sauka.

A watan da ya wuce aka kawo kujera kamar kullum. Inna ta taka, ta huta, ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta zo rabi ta tsaya. Ta sake gwadawa, gwiwar ta yi wata ƙara da kowa ya ji. Sai ta sauko a hankali ta zauna a kan kujerar, ta daɗe tana kallon sirdin da ya fi ƙarfinta. Ta ce, “Auta, bar shi. Ka je ka ce wa likita na gode. Gwiwar nan ta ga zamani, a ƙyale ta ta huta.” Ranar Dogo ya buɗe shago, amma agogo ɗaya ya wuni yana kallo bai taɓa shi ba. Cikin makonnin da suka biyo baya gwiwar ta kumbura, har banɗaki sai an riƙe ta.

Ya fara zuwa wurin bakanike, likitan marigayin tun zamanin Yaya, ya ce yana son a rage wa Raƙumi tsayi. Bakaniken ya fito daga ƙarƙashin wani injin, ya dubi babur, ya dubi mai babur, ya ce, “Maigida, ba zai fi sauƙi kai a ƙara maka ba?” Masu zaman garejin suka kwashe da dariya. Dogo bai tsaya ya yi bayanin Inna ba. Ya nemi dutsensa ya taka, ya hau, ya tafi. A hanya ya yanke shawara cewa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kwance agogon da ƙusoshinsa ba su kai ƙwayar gero ba, ya mayar da su ba tare da ko ɗaya ta yi saura ba, ba zai gaza a kan notin da ya kai girman babban yatsa ba. Babur ai agogo ne da ya yi ƙiba.

Maƙwabcinsa tela ya ƙara masa ƙarfin gwiwa, domin ya samo a wayarsa bidiyon wani mutum mai gemu, a wani gareji mai tsabta kamar ɗakin haihuwa, yana yin wannan aiki daidai, yana bayani da wani yare da su biyun ba wanda ya taɓa ji. Tela ya ce yaren ba matsala ba ne, hannu za su kalla. Baya bai ba su wahala ba: an samo gajerun ƙarafa masu sifirin a kasuwa, aka cire dogaye aka ɗaura su. Gaba ne ya zama abin da ya zama.

An kwantar da marigayin ranar Asabar da safe a tsakar gida. Aka tura bulo biyu da katako ƙarƙashin injinsa, tela ya zauna a can ƙarshen sirdi don gaban ya ɗaga, waya a hannunsa yana ba da labarin abin da mai gemu ke yi. Dogo ya shimfiɗa farin zanen gado na maiɗakinsa, wanda take ajiyewa don baƙi, domin a sana'arsa ba a kwance abu sai a kan fari. Ya saki wayar birki. Ya saki wayar agogon gudu, ya ɗan ba ta haƙuri saboda zumuncin sana'a. Ya zare dogon notin da ke ratsa cibiyar taya, tayar ta faɗo ta gangara ta kwanta a gindin famfo. Ya cire madigadi, ya sassauta notinan da ke riƙe da bututun ƙarfe biyun nan a wuyan babur, ya zare su ɗaya bayan ɗaya. Kowane noti, kowace washa, ya jera su a kan zanen daga hagu zuwa dama, yadda idan an zo mayarwa sai dai a bi daga dama zuwa hagu. Waɗanda suka ga zanen a wannan lokaci sun ce ba su taɓa ganin aiki mai tsari irinsa ba.

Da ya murɗe murfin bututun farko, sifirin ɗin ciki, wanda ya yi shekara da shekaru a danne, ya samu 'yanci. Ya yi fiiing, ya wuce ta gefen kunnen Dogo, ya tsallake katanga, ya faɗa bahon wankin matar tela. An samo shi bayan dogon bayani. Mai gemu bai nuna wannan wurin ba.

A saman kowane sifirin akwai guntun bututu da ke danne shi, shi ake yankewa tsayin ya ragu. Na hagu, Dogo ne ya auna shi da ma'aunin agogo, ya yi masa alama da allura, ya yanka da zarto yana riƙe numfashi. Na dama, da yake hannunsa ya gaji, ya miƙa wa tela. Tela ya zaro tef daga wuya, ya auna, ya zana da alli, sannan, kamar yadda ya saba tun yana ɗan koyo, ya bar ɗan rara saboda kalmasa. Bai faɗa wa kowa ba, domin a wurinsa wannan ba abin faɗa ba ne, mutunci ne.

Ana cikin haka mai gemu ya goge hannu, ya yi murmushi, ya ɗaga yatsu biyu, bidiyon ya ƙare. Ashe kashi na ɗaya ne, na kwancewa. Suka nemi kashi na biyu sama da ƙasa. Suka samu wani yana gyaran firji, suka samu wata tana koyar da rawa, suka samu mai gemun kansa yana kamun kifi a wani tafki, hankalinsa kwance. Dogo ya ce ba komai, ga zane nan, zanen shi ne kashi na biyu. Suka shiga ɗaki shan ruwa.

Ba su ji farkon yayyafin ba. Maiɗakin Dogo ce ta ji, ta fito da gudu tana kwashe shanya, ta hangi zanen baƙinta a ƙasa ruwa na dukansa. Ta kama kusurwa huɗu ta haɗa, ta ɗaga, ta ji nauyi, ta ji caccaka, ta kai baranda ta zazzage. Da Dogo ya fito ya tarar da aikin safiyarsa ya zama tsibi ɗaya, bai yi faɗa ba. Ya zauna a ƙasa kusa da tsibin. Ta ce, “Ai ban zubar da ko ɗaya ba, duk ga su nan.” Ya ce, “Na gani.”

Mayarwar ta cinye sauran yinin da wanshekare. Sun zura bututun biyu a wuya, sun ɗaure, sun kawo taya, sai farantin birki ya rasa inda zai kama, domin ɗan haƙorin da yake zama a kai yana can ɗaya gefen. Ashe ƙafar dama suka sa a hagu, ta hagu a dama. Aka sake kwancewa. Aka tuna ba a zuba mai a cikin bututun ba, aka sake buɗewa, wannan karon tela ya kifa bokiti a kansa kafin a murɗe murfi. Aka auna man da kofin shayi. Da aka zo zura dogon notin cibiya, ya shiga ta ƙafa ɗaya, ya ratsa taya, ya isa ɗaya ƙafar ya tsaya cak, domin ramukan sun ƙi kallon juna. Tela ya kwanta rub da ciki yana leƙawa, ya ce, “Ina ganin haske, amma rabi ne.” Dogo ya danna, ya ɗaga, ya kira maiɗakinsa ta hau kan babur ɗin ta danne, ya kira babbar 'yarsa ta riƙe taya da gwiwa. Inna, da aka fito da ita baranda don ta ga aikin da ake yi dominta, ta ce daga kujerarta, “Ku lallaɓa shi mana. Ba ya son tsawa.” Dogo ya naɗe guduma da tsumma ya lallaɓa shi sau uku, notin ya wuce.

Aka juya taya. Ta yi sha, sha, sha, ƙit. Aka sake juyawa, ta sake yin sha, sha, sha, ƙit. Tela ya ce sabon ɗinki ma sai an sa shi sau biyu yake sakin jiki. A kan zanen kuma aka ga wani zoben ƙarfe da washa biyu sun yi saura, ba wanda ya san daga inda suka fito. Dogo ya dube su, ya dubi sama, ya sa su a aljihu, ya bayyana wa mahalarta cewa masu ƙera babura sukan sa ƙari ne saboda dogayen mutane.

Da aka zare bulo, Raƙumi ya sauko ƙasa, ya durƙusa a karon farko a rayuwarsa. Kansa ya ɗan karkata hagu, kamar mai sauraron hirar maƙwabta, saboda kalmasar tela. Ƙarfen da ake kafe shi da shi ya yi masa tsawo, sai dai a jingina shi da bango. Amma kuf, kuf, ya tashi.

Da yammacin Litinin Dogo ya fita gwaji. Ya wuce bulonsa bai kalle shi ba, ya wuce kwalbatinsa, ya isa danjar kasuwa ta nuna ja, ya tsaya a tsakiyar titi inda babu dutse babu kututture, ya saki ƙafafu. Ta hagu ta taka, ta dama ta taka, tafin duka biyun shimfiɗe a kan kwalta, har yana jin ɗuminta ta cikin takalmi. Ya motsa yatsunsa. Danja ta ba da hannu, bai tafi ba. Odar motoci ta cika wurin, wani direban tasi ya leƙo ya ce, “Malam, gidanku ne nan?” Dogo ya juyo da idanu jajur ya ce, “Yi haƙuri, yau na sauka.” Sai da danjar ta sake komawa ja ta sake ba da hannu sannan ya ja.

Ranar Talata aka fito da Inna. Surukarta ta ɗauko kujerar kicin bisa sabo. Inna ta dubi sirdin, ta dafa kafaɗar ɗanta, ta juya ta zauna kamar a bakin gado, ta ja ƙafar mai ciwon da hannu ta tsallakar. Ta yi dariya har da tafi. Surukar ta tsaya rungume da kujera ba ta san inda za ta ajiye ta ba.

Akwai wani tudun siminti da aka gina a titi gaban makarantar yara don masu gudu su rage. Raƙumi ya tsallake shi sau ba adadi, ko sunkuyar da kai bai taɓa yi masa ba. Ranar, da sabon tsayinsa da nauyin mutum biyu, tayar gaba ta hau ta sauka, ciki ya biyo. Ƙwarrr, ƙas. Inna ta ce, “Auta, wani abu muka taka?” Ya ce, “Wani abu ne ya taka mu, Inna.” Ya dubi madubi, ya ga baƙin layi siriri yana bin su a baya.

Mutumin da ya yi shekaru yana kara agogo a kunne ba sai an faɗa masa ba idan zuciyar inji ta fara bushewa. Dududu ɗin nan ya koma taka-taka-taka. Dogo ya san idan ya kashe shi a nan zai rayu. Ya dubi gefen hanya: babu inuwa, babu wurin zama, rana ta fara zafi, ga tsohuwar da ba ta iya taku goma, ga likitan gwiwa da ranar kaɗai yake zama, in an rasa shi sai wani watan. Asibitin kuwa yana can saman hawa. Ya sunkuya ya shafa tanki, ya ce a hankali, “Yi haƙuri. Kai ta.”

Marigayin ya kai ta. Ya hau hawan yana ƙauri, yana tari, kansa a karkace, tayarsa na ƙit a kowane juyi, zafin injin na gasa ƙafafun Dogo. Masu tafiya a ƙasa sun riƙa wuce su. Ya shiga inuwar ƙofar asibiti, ya yi tak, ya yi tak, ya ɗan yi shiru kamar zai ƙara wani abu, ya yi ƙit. Dogo ya sauke ƙafafu biyu. Inna ta zamo da kanta ta tsaya, ta ɗora tafin hannu a kan sirdin ta daɗe, ta ce, “Sannu, ɗan albarka.” Sannan ta kama hannun ma'aikaciyar jinya ta shiga. Likita ya zuƙe ruwan da ya taru a gwiwar, ya yi mata allura, ya ce an kawo ta a kan lokaci. Dawowarta gida a tasi ne, kanta a waje ta taga, roba a cinya, kuma iyalai na roƙon kada a tayar mata da zancen.

Bakanike ne ya tabbatar da rasuwar. Ya zo ya taka kik, ya ƙi motsi. Ya hau kansa da duk nauyinsa, ya ƙi. Ya leƙa ƙasa ya ga notin da ake juye mai ta wurinsa ya fille har da ɓangaren ciki, ya miƙe ya cire hula. Ya ce injin ya ƙone ya haɗe, irinsa kuma an daina kawowa. Da ya ji dalilin aikin, sai ya ce yana da wani guntun babur a gareji, duk ranar asibiti a zo a ɗauka. Ya kuma duba zoben da washa biyun nan, ya ce na tayar gaba ne, kuma da ajali bai zo ta ƙasa ba, da ta nan zai biyo. Iyalai sun ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa ba aikin ne ya kashe shi ba.

Marigayin ya rasu ya bar madubi ɗaya, ɗan uwansa ya riga shi tafiya tun shekarar da aka ɗauko katifa. Ya bar makulli biyu, da hular kwano mai tsage, da rabin galan na baƙin mai da bai samu sha ba. Ya bar gajerun ƙarafa biyu na baya, sababbi, da suka yi maraici tun ba su san shi ba. Ya bar zobe ɗaya da washa biyu a aljihun Dogo, da farin zanen gado da ba zai ƙara ganin baƙo ba. Ya bar Yaya, wanda ya yi waya ya ce shi dai lafiya lau ya ba da shi. Ya bar tela, wanda tun ranar bai taɓa tef ba tare da ya yi ajiyar zuciya ba. Ya bar duwatsu da bulo da kututture a faɗin gari, suna jiran ƙafar da ba za ta zo ba.

Ana karɓar gaisuwa a shagon agogo da safe, a gida da yamma. Ana roƙon masu zuwa a kan babur su kashe inji tun daga kwana, domin mai rashin har yanzu yana ɗaga kai idan ya ji dududu. Masu zuwa da shawarar yadda ya kamata a ce an yi aikin, su bar ta a gida. Masu zuwa tambayar ko za a sayar da fitila, ko taya, ko sirdi, su sani an gane su tun daga yadda suke gaisuwa suna leƙen bayan mutane. Wanda kuma ya samu kashi na biyu na bidiyon mai gemu, don Allah kada ya turo.

Za a yi jana'izar marigayin gobe da hantsi a filin ɗan gwangwan da ke bayan tashar mota. Ɗan gwangwan ya yi tayin turo baro, iyalai sun gode sun ƙi, domin wanda ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar mutane ba za a kai shi a kwance ƙafafu sama ba. A kan tayoyinsa zai tafi. Dogo zai riƙe kai, tela zai tura daga baya, ana kuma neman ƙarfafa huɗu da za su ɗaga shi cak idan an zo gaban makarantar yara. Inna ta ce ba za a kai shi sirdi babu kowa ba, a kansa za ta zauna har can, kuma duk wanda ya san ta ya san an gama magana. Masu rakiya su sa takalmin tafiya, a ƙasa za a je, a ƙasa za a dawo.

Dawowar Inna ce kaɗai ba a gama shiryawa ba. Dogo ya ce shi zai goyo ta har gida. Ta dube shi daga sama zuwa ƙasa, abin da bai ɗauke ta wani lokaci ba, ta ce, “Goyo dai zan yarda, Auta. Amma a samo mutum biyu su riƙe mini ƙafafu, kada in iso gida ba takalmi.” Masu niyyar wannan aikin lada su ba da sunansu a wurin tela kafin a tashi.